Gyaran kofaton shanu: igiya, keji, inji, ko a kira likita?

Saniyar da ke bin garke daga tsaunin Mambila zuwa bakin Binuwai ba ta san wuƙar kofato ba, tafiya ce ke yi mata aski. Kofato yana tsirowa kimanin milimita 5 a wata, tsakuwa da busasshiyar ƙasa kuma suna cinye shi daidai gwargwado. Rigima tana farawa ne ranar da aka ɗaure ta a turke, aka cika mata ciki da dusa, ta daina zuwa ko'ina. A kan laushin kashi kofaton yakan yi ta tsawo har ya lanƙwashe kamar takalmin sarakai. A kan siminti kuwa ba ya cinyewa daidai, ɓarin waje na ƙafar baya yana fin ɗan'uwansa tudu, nauyi ya koma kansa shi kaɗai. Shi ya sa masu kiwon madara da suka haɗa jinin Bunaji ko Gudali da Firisiyan, shanun madarar Turai, suka fi kowa kukan ɗingishi.

To ga ka da shanu a gida ko a gona, ɗaya ta fara ɗaga ƙafa, kowa da shawararsa. Wani ya ce a kayar da ita a yanke, wani ya ce sai likita, wani ya nuna maka bidiyon Turawa da inji yana feshin ɓawon kofato ya ce ka sayi irinsa. Kafin ka zura hannu a aljihu, ga ma'aunan da nake ganin sun dace.

Abin da za a auna

Na ɗaya, kuɗi, kuma iri biyu ne: wanda za ka kashe sau ɗaya, da wanda zai riƙa fita duk lokacin da aka taɓa ƙafa. Da dabbobi zan auna farashin maimakon naira, tunda yawancin kayan nan da dala ake shigo da su, kuɗin safe daban na yamma daban. Na biyu, ƙarko. Na uku, sauƙi: hannu nawa aikin ke ci, minti nawa saniya za ta yi a ɗaure. Na huɗu, haɗari, ga dabbar da kuma ga mai riƙe da wuƙa. Wannan na huɗun shi mutane suka fi rainawa, alhali shi ke raba hanyoyin nan fiye da kuɗi. Yanka kofato ba shi ne mai wuya ba. Riƙe ƙafar dabba mai kilo 350 ko 500 ta tsaya cik, nan aikin yake.

Ba kowane ɗingishi ne na wuƙa ba

Sai an san ciwon kafin a zaɓi makami, don haka bari mu ɗan tsaya nan. Mafi yawan ɗingishin shanu a kofato yake, ba a cinya ko kafaɗa ba, kuma galibi a ƙafar baya, ɓarin waje.

Idan saniya ta kwana lafiya ta tashi da ƙafa a kumbure daga saman kofato, kumburin ya raba ɓarin biyu, tsakaninsu ya tsage yana wari, jiki da zafi, nono ya ragu, wannan ruɓewar tsakanin kofato ce. Ƙwayar cuta ce ke shiga ta fatar da taɓo ya jiƙa ko ƙaya ko kaska ta huda, shi ya sa ta fi yawa da damina. Maganinta wanki da allura, irin oksitetrasaiklin mai dogon aiki wadda makiyaya ke kira LA. In an kama ta da wuri, cikin kwana 3 zuwa 4 za a ga sauƙi. In ba a gani ba, ko dai ba ita ba ce, ko ta riga ta shiga gaɓa.

Idan jan gyambo ne mai gurje-gurje a fatar bayan diddige, saniya tana taka ƙasa da tsinin kofato, wannan wata cuta ce mai yaɗuwa ta cikin kashi da danshi. A Italiya aka fara bayyana ta a 1974, kuma tana bin shanun madara duk inda aka kai su. Ita wanki da magani a kan gyambon take so.

Sai masu buƙatar wuƙa: gyambon tafin kofato, da tsagewar farin layin da ya haɗa tafi da bangon kofato inda tsakuwa ke shiga ta tara mugunya, da ƙusa ko waya da ta soke. Waɗannan ko kwalba goma ta allura aka ƙarar ba za su warke ba sai an buɗe wurin an sauke masa nauyi.

In kuwa shanu da yawa ne suka kama ɗingishi lokaci guda, yawu na dalala, baki da ƙuraje, ajiye wuƙarka. Ciwon baki da ƙafa ne, wanda Fulani ke kira boru. A ware su, a sanar da ofishin dabbobi, a nemi rigakafi ga sauran. Mai yawo da wuƙa daga garke zuwa garke a irin wannan lokaci cutar yake rabawa.

Ko wace hanya ka ɗauka, ƙa'idar yankan ɗaya ce. Wani likitan dabbobi ɗan ƙasar Holan, Toussaint Raven, shi ya tsara ta mataki biyar, kuma ita ake koyarwa a yawancin duniya. Tsawon kofato daga inda taurinsa ya fara a ƙasan gashi zuwa tsini santimita 7.5 ne ga matsakaiciyar saniya, kusan faɗin yatsu huɗu na babban mutum. Manyan shanu da bijimai sun fi haka. A bar kaurin tafi milimita 5 zuwa 7 a tsini. A ƙafar baya da ɓarin ciki ake farawa, sai a daidaita na waje da shi. A ƙafar gaba kuma da na waje ake farawa. Diddigen ɓarin ciki na baya ba a cika taɓa shi ba. In ka danna tafin da babban yatsa ka ji yana lotsawa, ka kai iyaka, ko ma ka wuce.

Hanya ta ɗaya: igiya da kayan hannu

Ita ce ta gado. A ɗaura igiya a ƙaho ko wuya, a zagaya ta bayan kafaɗa, a sake zagayawa ta gaban ƙugu, mutum biyu su ja ta baya, saniya ta durƙusa ta kwanta. Wani ya danne kai, a ɗaure ƙafafu, mai wuƙa ya tsuguna.

Kuɗinta shi ne mafi sauƙi. Wuƙar kofato mai lanƙwasasshen baki, ta dama da ta hagu, awartakin datse tsini, magagari, dutsen wasa wuƙa da igiya mai kauri, gaba ɗaya ba za su kai kuɗin tunkiya mai kyau ba. Awartaki yana shekaru in ana shafa masa mai. Wuƙar arha kuwa ba ta riƙe kaifi, kuma dakushasshiyar wuƙa ce ke zamewa ta shiga hannu. Wuƙar yanka ta kicin ko adda ba su da gurbi a wannan aiki, domin ba sa iya rarake tafi ba tare da sun nutse ba.

Wahalar tana wajen mutane da lokaci. Kana buƙatar ƙarti huɗu ko biyar, kuma in aka yi shanu uku kowa ya jigata. Haɗarin ma nan ya fi yawa. Saniya in tana kwance a gefe ba ta iya yin gyatsa yadda ya kamata, iska ta taru a tumbi, gefen hagu ya kumbura. Abin da ke tumbin ma yana iya dawowa ya shiga huhu. Don haka a hana ta abinci tun daren jiya, a sa ido a kan cikin, kada ta wuce minti 20 zuwa 30 a ƙasa. A shimfiɗa buhun ƙaiƙayi ko tsohuwar katifa a ƙarƙashin kafaɗa, a jawo ƙafar gaba ta ƙasa zuwa gaba, in ba haka ba jijiyar kafaɗa takan danne, saniya ta tashi tana jan ƙafar da ba ita aka zo gyarawa ba. Igiyar ƙugu tana iya murje hantsa, ko gaban bijimi. Mai tsohon ciki kuwa ba a kayar da ita ko kaɗan.

Na taɓa tsayawa a kan wani sa da aka kayar da rana tsaka bayan ya ƙoshi da dusa. Kofato ɗaya aka gama, aka kwance shi a guje saboda ciki ya zama ganga. Ya rayu, amma sauran ƙafafu ukun haka aka kai shi kasuwa da su.

Hanya ta biyu: kiran likita ko malamin dabbobi

A nan ba ka sayen komai, kuɗin zuwa da na magani kawai za ka biya, sai dai duk zuwa sai ka biya. Abin da kake saya ido ne. Wanda ya san aikin zai bambance maka ruɓewa da gyambon tafi cikin minti biyu, ya hana ka asarar allurar da ba ta da amfani. Yana da allurar kwantar da dabba, wadda ke sa kayarwa ta zama ba kokawa. Wannan allura ba ta hannun kowa ba ce: shanu ba sa jure ta da yawa, tana ƙara kumburin ciki, tana iya zubar da tsohon ciki.

Babban abin da likita ke kawowa shi ne takalmin katako. Ɗan guntun katako ne da ake mannawa a ƙarƙashin ɓarin da ke lafiya, mai ciwon ya rataya bai taɓa ƙasa ba har ya warke. Yakan yi mako 4 zuwa 6 kafin ya cinye ko ya faɗi. Kafinta na iya yanka katakon, gam ɗin ne na musamman. Wani gwaji da aka yi a Jami'ar Nottingham ta Ingila, aka wallafa a 2015, ya nuna cewa cikin shanun da aka yi wa yanka kawai, kimanin 24 cikin 100 ne suka warke bayan kwana 35. Waɗanda aka haɗa wa yanka da katako da allurar rage zafi kuwa, kimanin 56 cikin 100.

Amma a faɗi gaskiya, ba kowane mai farar riga ne ya iya kofato ba. Akwai masu zuwa da sirinji kawai, ba za su ko ɗaga ƙafar ba. Tambaye shi tun a waya ko yana da wuƙar kofato da katako. In ya ce allura ta isa alhali bai ga dabbar ba, nemi wani. Asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi a jami'o'in Zariya, Sakkwato da Maiduguri wurare ne da za a iya tambaya. Matsala ta biyu nisa ce: ɗingishi ba ya jiran sai mako mai zuwa. Ta uku, in ba ka da keji, shi ma likitan ƙasa zai kayar da ita.

Hanya ta uku: kejin ƙarfe na masu walda, da kayan hannu

Ita na fi so, ba zan ɓoye ba. Keji ne na bututun ƙarfe mai kauri, daidai faɗin saniya ɗaya, da maƙalin wuya a gaba, da sanda a baya, da faffaɗan bel biyu a ƙarƙashin ƙirji da ciki don kada ta zube, da ɗan injin naɗe igiya na hannu mai ɗaga ƙafar baya. Saniya tana tsaye a kan ƙafa uku ake gyara ta huɗun, saboda haka maganar kumburin ciki da dannewar jijiya ta ragu ƙwarai, kuma ba sai an hana ta abinci ba.

Kuɗin farko yana da nauyi, zai iya cin kusan kuɗin saniya guda, gwargwadon kaurin ƙarfen. Bayan haka sai fenti da man shafawa. In an kafa shi a kan daɓen siminti mai kaushi, ƙarƙashin rumfa, zai yi shekaru masu yawa. Abin da ke kashe shi fitsari ne da ke cin gindin ƙarfen. Mutum biyu sun isa aiki, kuma wanda hannunsa ya faɗa zai gama saniya cikin kusan rubu'in awa. Ga riba ta gefe: allurar rigakafi, ɗuren maganin tsutsa, duba ciki, baye ta hanyar allura, cire kaska, duk a kejin za a riƙa yi.

Inda ake samun matsala wajen ƙira ne. Mai walda ya saba da ƙofa da taga, bai san ƙarfin sa ba. Ka tsaya a kansa. Kada ya sa ƙarfe mai kaifin gefe. Maƙalin wuya ya zama mai buɗewa da sauri ko da dabba ta zube a kansa, domin saniyar da ta durƙusa wuyanta a maƙale tana iya shaƙewa. Sannan a tuna da ƙaho: zanen da aka kwafo daga Turai na shanu marasa ƙaho ne, Rahaji ba za ta shiga ba. A yi maƙalin mai buɗewa ta gefe tun daga sama har ƙasa.

Keji ba ya koya maka yanka. Ka ɗauko wanda ya iya ya yi shanu goma a gabanka, ka yi goma a gabansa. Kafin nan je mahauta ka sayi ƙafafun sa, waɗanda ake ganda da su, ka yi ta gwaji. In ka yanka ya zarce a nan, asararka kuɗin miya ce.

Hanya ta huɗu: injin goge ƙarfe da faifan kofato

Wannan ƙari ne a kan keji, ba madadinsa ba. Injin kansa ba tsada, irin na masu walda ne, faifan kofaton ne ake oda, kuma yana dakushewa. Da rani, lokacin da kofato ya bushe ya yi tauri kamar ƙaho, inji yana rage gumi sosai. Sai dai yana son wuta ko janareta, ƙararsa tana firgita dabbar da ba ta saba ba, kuma abin da wuƙa za ta ɗauka a yanka goma shi a ƙiftawar ido yake ɗauka. Tafin da aka sirantar sai ya yi watanni kafin ya dawo, tunda milimita 5 ce a wata. In aka daɗe a wuri ɗaya kuma zafin gugar yana ƙona naman ciki. Kada a kuskura a kunna shi kan saniyar da aka kayar da igiya, harbi ɗaya ya isa ya mayar da faifan kan cinyar mutum. Tabarau da safar hannu dole ne. Ko mai inji, da wuƙa yake buɗe gyambo.

Hanya ta biyar: kejin waje mai ɗaga saniya da kansa

Akwai mai ɗaga ta a tsaye, akwai mai kwantar da ita kan tebur. Kuɗinsa dubun dubatar daloli ne kafin kwastan, kuma in wani abu ya lalace sai an jira kaya daga waje. Yana gyara shanu da dama a wuni. Gonar da ba ta kai ɗaruruwan shanu ba ba za ta mayar da kuɗinsa ba.

| Hanya | Kuɗin farko | Kuɗin kullum | Ƙarko | Mutane | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Igiya da wuƙa | Kaɗan | Ladan masu riƙo | Mai kyau | 4 zuwa 5 | Kumburin ciki, harbi |
| Kiran likita | Babu | Duk zuwa | Ba ka ajiye komai | Shi da masu riƙo | Jinkiri, wanda bai ƙware ba |
| Kejin walda | Kusan saniya guda | Kaɗan | Shekaru masu yawa | 2 | Mummunar ƙira |
| Keji da inji | Keji da ƙari | Faifai, wuta | Matsakaici | 2 | Zarce yanka, rauni |
| Kejin waje | Dubun dubatar daloli | Gyara da kayan oda | Mai kyau in ana kula | 1 zuwa 2 | Lalacewa ba mai gyara |

Kwamin wanke ƙafa

Kwami ne da ake cika da ruwan magani shanu su bi ta ciki, ba ya rage tsawon kofato, ba ya warkar da gyambon tafi. Aikinsa rage cututtukan fata masu yaɗuwa. Tsawonsa ya kai mita 3 don kowace ƙafa ta nutse sau biyu, zurfin ruwa santimita 10. In faɗinsa santimita 60 ne, lita 180 ke nan. Shuɗin garin kofa salfet ana sa kashi 5 cikin 100, wato kilo 9 a wannan kwami. Yana aiki, amma yana cin ƙarfe, yana taruwa a ƙasar gona, kuma guba ne ga tumaki, abin lura ga gidan da rago da sa ke shan ruwa wuri ɗaya. Fomalin ya fi arha, kashi 3 zuwa 5 ake sawa, sai dai yana da raɗaɗi a buɗaɗɗen gyambo, tururinsa a zafin Afrilu yana cin ido da maƙogwaro, kuma an tabbatar yana jawo ciwon daji ga mutum. Zink salfet kashi 10 ya fi su laushi, wuyar narkewa ce aibinsa. Mai shanu biyar bai buƙatar kwami: bokiti, burushi da abin feshi sun wadatar.

Baƙin man mota da kalanzir da ake zubawa a ciwo ƙona nama suke yi, su kuma rufe datti a ciki. Ruwan gishiri ya fi su. In an naɗe ƙafa da bandeji, a cire shi cikin kwana 2 zuwa 3. Duk allurar da aka yi kuma a duba takardar kwalbar a ga kwana nawa za a bar nono da nama kafin a sayar.

Wace ta dace da kai?

In sa ɗaya ko biyu kake turkewa na wata 3 ko 4 don Babbar Sallah, kada ka sayi komai. A wannan ɗan lokaci kofato bai fi santimita 2 zai ƙaru ba. Duba ƙafa tun a kara kafin ka biya, ka riƙa kwashe kashi, ka shigar da dusa sannu a hankali tare da harawa ko ciyawa, domin tsamin tumbi daga yawan hatsi yana raunana kofato. In ya yi ɗingishi, kira likita.

In garkenka na kiwo ne mai tafiya, wuƙa ɗaya da awartaki da igiya sun isa, saboda tsohuwa mai lanƙwasasshen kofato da mai taka ƙaya. Ƙarfinka ya tafi ga rigakafin boru da sauya makwanci da damina kafin ya zama taɓo.

In shanun madara ne daga uku zuwa goma a cikin gari, haɗa kai da maƙwabta masu irin kiwonka ku yi keji ɗaya, ku riƙa kiran mutum ɗaya rana ɗaya. A wanke kayan aiki da maganin kashe ƙwayoyin cuta tsakanin garke da garke.

Daga goma zuwa hamsin, musamman masu jinin Firisiyan a kan siminti, keji naka na kanka da yaro ɗaya da aka koya wa yanka. A duba kowace saniya sau biyu a shekara: lokacin da aka daina tatsarta, kimanin wata 2 kafin haihuwa, da kuma wata 2 zuwa 4 bayan ta haihu. Gyambo mai zurfi da kumburin da ya haura gaɓa a bar wa likita. Inji sai yaron ya shekara yana yi da wuƙa ba ya fitar da jini.

Kejin waje na babbar gona ne, ko na matashin da ya yi niyyar mayar da gyaran kofato sana'a yana zagaya gonaki. Shi ma in zai ji tawa, ya fara da na walda mai taya wanda a-kori-kura za ta iya ja.